A Bar Littafi a Kan Tebur

A yi mini afuwa tun kafin a fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye. Sau uku ina yage wannan shafi kafin na bar shi haka. Inda aka ga na yi tuntuɓe, a ɗauke kai a wuce.

Akwai wata yarinya da mutanen laburaren unguwarsu suke kira Likita. Shekarunta sha shida, kuma ko allura aka zaro a gabanta sai ta runtse ido. Sunan ya samo asali ne daga wani ƙaton littafin ilimin jikin ɗan Adam mai baƙin bango, wanda kullum bayan an tashi makaranta za ka gan shi a tsaye a gabanta a teburin ƙurya, ita kuma ta nutse a bayansa, sai saman tabarau ake hangowa. Tsohon Hedimasta, wanda yake zuwa karanta jarida da gyangyaɗi, shi ya raɗa mata. Duk ran da ya wuce sai ya ƙwanƙwasa teburin da sandarsa ya ce, “Likita, a dage. Gwiwar nan tawa ke take jira.”

Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya sani, shi ne a cikin baƙin littafin akwai wani littafin.

A bayan teburin nata akwai wata doguwar kantar littattafai da ta jingina da bango, inda aka tara ƙagaggun labaran kimiyya da littattafai masu zane: jiragen da ke tafiya tsakanin taurari, birane a ƙarƙashin teku, injinan da suka koyi magana. Tana ’yar sha huɗu ta taɓa ɗaukar ɗaya ta kai teburin aro. Mai Hatimi, mutumin da ke buga kwanan wata a bayan littafi, ya juya shi gaba da baya, ya dube ta ta saman gilashinsa, ya ce, “Zanƙaleliya da ke, littafin ’yan raino? Ko ƙaninki za ki kai wa?” Mutum biyu da ke layi suka yi dariya. Ta ce e, ƙaninta ne, alhali ba ta da ƙane. Sannan ta ce ta tuna ya riga ya karanta, ta mayar. Tun daga ranar ba ta sake kai irinsa teburin aro ba. Sai dai ta zare shi a hankali, ta cusa a cikin baƙin littafi, ta karanta, in lokacin tashi ya yi ta mayar da shi gurbinsa daidai, ta daidaita bayansa da na ’yan’uwansa, har ƙurar gefe takan bari yadda ta same ta.

Ba don kanta kaɗai take karatun ba. Babanta mai zanen allunan shaguna ne, rabin sunayen da ke saman ƙofofin titinsu hannunsa ne, kafin ciwon suga ya cinye masa ido. Yanzu yini yake a baranda a kan kujerar roba, kusa da gwangwanayen fenti da suka bushe, waɗanda ya hana Gwaggo, yayarsa da ke riƙe da gidan, ta zubar. Abu ɗaya ne ya rage yake jira a yini, dawowar ’yarsa da shafi biyu a ka. Shafi biyu kawai, don shi ba labarin ne ya fi damunsa ba, zanen ne, kuma kai ba ya ɗaukar fiye da haka in launi bayan launi za a kawo.

“Sararin wane launi ya ba shi, Uwata?”

“Baƙi, Baba.”

“Ba a yin sama da baƙi zalla. Koma ki duba. In ya san aikinsa za ki ga shuɗi a ƙarƙashi.”

Washegari ta kai ido kusa da takardar har hancinta na taɓawa, sai ga shuɗin. Da ta gaya masa, ya yi dariyar da rabonsa da ita tun yana hawa tsani.

Labarin da suke kai littafi shida ne a jere, na wani jirgi da ya ɗauko irin shuka na ƙarshe daga duniyar da ta ƙone, da wata mace mai facin jikin jirgin, da injin da ke kula da lambu wanda ya fara yi wa mutane ƙarya. Wata bakwai suna tafe, sun kai tsakiyar na biyar. Kuma ya sa ta yi masa alkawari ba za ta leƙa gaba ba. “Kada ki riga ni. In kin san ƙarshe zan ji a muryarki.” Gwaggo in ta zo wucewa da bokiti takan ce, “Ku dai da tatsuniyar ƙarafa. Ita ba ta ci ba, kai ba ka sha magani ba.”

Ranar wata Litinin Likita ta tarar da takarda manne a ƙofar laburare. An samu kyautar kwamfuta huɗu, kuma bangon ƙurya ne kaɗai ke da soket, saboda haka kantar da ke wurin za ta tashi, littattafanta kuma za a ba mai sayen tsohuwar takarda. Mai ra’ayi ya rubuta ya jefa a akwati, za a buɗe ran Asabar da ƙarfe huɗu a gaban kowa.

Ta karanta sau biyu. Ta shiga ta zauna a bayan baƙin littafi, ba ta ganin komai a shafin. Daga nan take jiyo Tela, wata mata mai shagon ɗinki a tsallaken titi, ta tsare Malama, shugabar laburaren, da tambaya.

“Yanzu duk kantocin nan, wannan kika ga dama?”

“Ba ganin dama ba ne, ’yar’uwa. Dubi can.” Malama ta nuna allon da ke bango, wanda aka rubuta A BAR LITTAFI A KAN TEBUR, KADA A MAYAR. “Kin ɗauka ado ne? Kullum da yamma muna tattara abin da aka bari a tebur, kowane littafi mu yi masa ɗigo a rajista. Da haka muke sanin abin da ake karantawa a nan ciki. Kantar can, shekara biyu, aro bai fi a ƙirga da yatsu ba, ɗigo kuwa ko ɗaya. Ko ƙurarta ba ta motsi.”

“To in an samu masu so fa?”

“Mutum biyar. In mutum biyar suka ce a bar su, zan matsa kantar jaridu in nema musu wani bangon. Ƙasa da haka ba ni da bakin da zan kare su a gaban kwamiti.”

Likita ta ɗaga kai ta dubi allon. Ta karanta shi ya fi sau dubu. Duk zamanta ta ɗauka don masu mayar da littafi inda ba wurinsa ba aka rubuta, ita kuwa da ta san gurbin kowanne, rage wa mutane aiki take yi. Ashe shekara biyu kullum da hannunta take share sawunta.

Mutum biyar. A ina za a samu mutum biyar, ita da ba ta taɓa ganin kowa a ƙuryar ba sai gizo-gizo? Ta ƙudurta in babu su, za ta yi su.

Kwana huɗu ta yi tana aikin, a aji lokacin tara, da kan gadonta kafin Gwaggo ta kira ta wanke-wanke. Ta ari biro kala uku. Ta yago takarda daga littattafai daban-daban. Wata ta rubuta da hagu, wata da manyan baƙaƙe, wata ta karkatar da hannu kamar na tsoho. Ta zama direban babbar mota mai karanta labarin taurari in ya tsaya hutawa. Ta zama nas, ta zama uwar ’ya’ya uku, ta zama mai gyaran rediyo. Biyar ta yi niyya, amma tsoro ya ce mata in aka ƙi ɗaya fa, sai ta ƙara, ta ƙara, har sha biyu. Tana jefa su uku-uku in Mai Hatimi ya juya baya. A cikin sha biyun nan babu wadda ta ce ni yarinya ce, ina karanta wa babana.

Shi kuwa ba ta gaya masa komai ba. Ran Juma’a ta kawo masa shafinsa biyu: mai facin jirgi tana waje, rataye da igiya a cikin sarari, injin lambu kuma ya kai almakashinsa kan igiyar.

“Ya yanke?”

“A nan shafin ya ƙare, Baba.”

Ya murza busasshen buroshi a tafin hannu. “Gobe ki duba mini hannunta. Fuska tana cikin kwalkwali, ba abin da za a gani. In mai zanen nan gwani ne, a hannu zai sa tsoron.” Ya karkato kai wajenta. “Muryarki fa? Mura ce?”

“Ƙura ce, Baba.”

A ranar, karo na farko, ba ta mayar da littafi na biyar kan kantarsa ba. Ta bar shi a cikin baƙin littafi, ta mayar da baƙin gurbinsa da kumburarren ciki.

Da ta shiga ran Asabar sai ta ga kantar ƙurya wayam. An kwashe littattafan tun safe an zuba a kwalaye bakwai, an ɗaure da igiya, wai don mai gyaran wuta ya samu ya auna bango. Na shida yana cikin ɗaya daga ciki, ba ta san wanne ba. Ta ɗauko baƙin littafinta ta zauna a inda ta saba. An jera kujeru, mutum kamar ashirin, fanka tana juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo.

Malama ta zazzage akwatin a tebur ta fara karantawa. Na farko ya ce ƙarya ce aka sa mata rigar ƙarfe. Na biyu ya ce yaron da ya saba da hoto ba ya ƙara son karanta baƙaƙe. Na uku ya tambaya yaushe za a gyara bayan gida.

“Na farkon nawa ne,” in ji Mai Kemis, wani mai tumbi da ke sayar da magani a bakin kasuwa. “Na taɓa buɗe ɗaya. Wai mutum ya yi barci shekara ɗari uku ya tashi ko ciwon baya babu. Ni da nake sayar da man zafi, a gaya mini?”

Aka yi dariya. Tela ta ce, “Kai da ba ka karanta komai sai bayan kwalin magani. Wuyan rigar nan da matarka ta zo tana roƙo in yi mata irinsa, a ina ka ɗauka na samo? A jikin wata sarauniyar taurari na gani, kwali na uku can.”

“Shi ya sa in ta sa nake jin kamar za ta tashi sama.”

Hedimasta ya buga sanda. “Ni ba na faɗa da hoto. A aji ɗaya da hoto muke farawa, amma ana yaye yaro. Al’ummar da manyanta ke kallon zane, wa zai gina mata gada?”

Malama ta ci gaba. Ta karanta ta Tela. Ta karanta wata da aka rubuta A bar su kawai, ba ƙari. Wata ta ce ban taɓa karantawa ba amma ba su tsare wa kowa komai ba. Sai wata da fensir, rubutun duk ya hau kan juna: ɗana ba ya magana, shekararsa tara, in na aro masa mai hoto yana nuna mini abu da yatsa. Likita tana ƙirgawa a ƙarƙashin tebur, yatsa huɗu, kuma babu tata ko ɗaya a ciki. Ta dubi ƙeyoyin da ke gabanta. Ashe akwai su.

Sannan aka zo kan nata.

“A yi mini afuwa, ni direba ne, ban iya tsara magana ba,” Malama ta karanta, har ƙarshe, inda direban ya ce in ya kashe mota a daji ya ɗaga kai, sai ya ji kamar ya san wasu a can sama. Tela ta ce Allah sarki. Malama ta buɗe ta gaba. “A gafarce ni da shiga abin da ba a tambaye ni ba, ni nas ce.” Ta gaba. “Ina neman afuwa idan na ɓata muku lokaci.” Ta gaba. Muryar Malama ta fara raguwa. Ta shimfiɗa sauran a tebur tana duba kan kowacce.

Hedimasta ya miƙa hannu aka ba shi. Ya jera su kamar mai duba jarrabawa, ya daɗe yana kallo.

“Shekara talatin da biyar ina kama masu satar amsa,” ya ce. “Hannu ɗaya ne. An wahala, har da hagu aka yi. Amma tun da nake ban taɓa ganin direban babbar mota da ya fara magana da neman afuwa ba. Mutum sha biyu, kowa na ba da haƙuri kamar ya taka mana ƙafa.”

Dariyar ta fi ta ɗazu. Mai Hatimi har da share hawaye. Mai Kemis ya ce, “Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Mai karanta ƙarya, ƙarya zai yi. Wannan ai sai a duba kansa, mutum ɗaya ya rabu gida sha biyu.”

Malama ba ta yi dariya ba. Ta tattara sha biyun ta ajiye gefe, ta ɗora hannu a kan huɗun.

“Waɗannan huɗu na yarda da su. Waɗannan kuwa ba zan kai wa kwamiti ba, kunya zan ji. Amma wanda ya rubuta su mutum ne, kuma ko makaho ya ji ya san ya karanta littattafan nan ciki da waje. In yana nan, ya tashi ya ce ni ne. Zan ƙirga shi ɗaya, sun cika biyar, a kwance kwalayen nan yau.”

Kujeru suka yi ƙara, kowa na waiwayen kowa. Tashi ne kawai. Ta dafa gefen tebur. Ta ce wa ƙafafunta su tashi. Ta tuna baranda, da buroshin da ke juyawa a tafin hannu. Ta ɗaga jikinta kamar faɗin yatsa biyu daga kujera, kujerar ta yi ’yar ƙara, sai Hedimasta ya juyo.

Fuskarsa ta washe. “Yauwa. Ga wadda ya kamata a tambaya tun farko. Shekara biyu tana zaune a gindin kantar nan, ko sau ɗaya ban ga ta waiwaya ba. Ga yarinyar da ta san bambancin kimiyya da shirme. Likita, gaya musu. Kin taɓa ganin wani ya taɓa littattafan can?”

Ido arba’in suka sauka a kanta, da na Mai Hatimi ta saman gilashi. Dukansu da fara’a suke kallonta, da alfahari ma, kuma wannan ya fi dariyar nauyi. Ta ji wata siririyar murya ta fito, kamar daga wani ɗakin.

“Ban taɓa gani ba.”

Ta koma ta zauna.

Malama ta dube ta, ta ɗan daɗe, sannan ta kawar da ido. Ta jira. Fanka ta yi ta juyawa. Wani ya yi tari, wata ta duba agogo. Tela ta ce, “Haba jama’a, ko waye, ai ba duka za a yi ba,” ba wanda ya motsa.

“To,” in ji Malama. “Huɗu.” Ta rubuta a takarda ta sa hannu.

Nan da nan ɗakin ya koma hayaniya. Maza suka taru a kan kantar da babu komai, ana a kama nan, a ɗaga can, Mai Kemis yana ba da umarni hannunsa a aljihu. Mai Hatimi ya fara jan kwalaye zuwa bakin ƙofar baya, inda motar mai takarda za ta tsaya. Igiyar ɗaya ta tsinke, ya tattara abin da ya zube da ƙafa.

A bayan baƙin littafi, Likita ta buɗe na biyar, ta juya shafin da ta tsaya jiya. An yanke igiyar. Mai facin jirgi tana nisa, ƙarama a cikin baƙin da ke da shuɗi a ƙarƙashi. Ta kai ido kusa ta duba hannun. Yatsu huɗu a buɗe suke suna miƙo wa jirgin, ƙaramin kuwa ya lanƙwashe ya manne da tafi. Ta kalle shi har ta tabbata ta ɗauke shi duka, da inuwar da ke tsakanin yatsun, da ɗan farin da aka ɗiga a kan farce. Shafi na biyu ya jiƙe mata a ido, ta goge tabarau ta sake dubawa. Ba ta juya na uku ba.

Ta rufe baƙin littafi ta kai shi gurbinsa. Na biyar kuwa ta riƙe shi a tsaye, hannunta na neman kantar da za ta mayar da shi, sai bango da soket biyu. Jakarta a buɗe take a kafaɗa, kuma ba mai kallo. Ta dubi jakar, ta dubi allon da ke bango.

Ta ajiye shi a tsakiyar tebur, fuskarsa a sama.

Ana ta ihun a yi hankali da fanka, kantar ta karkata, kowa ya ɗaga kai. Ta bi ta bayan kujeru, ta raɓa jikin bango, ta tura ƙofa daidai faɗin kafaɗarta, ta riƙe ta har ta rufu ba ƙara.